Jinin da Ya Tsufa a Hanya

Kafin ka ga Gwaggo Ƙanƙara sai ka fara jin ta. Takalmin roba na jan siminti, sai kuma ƙarar ƙanƙara tana karo da juna a cikin shuɗiyar kular da take runguma kamar jaririya. Ɗalibai ne suka laƙaba mata sunan tun ba ta fara furfura ba, ya bi ta har gida, har jikokinta ma da shi suke kiran ta in sun ga fuskarta a sake.

Shekara ashirin da takwas ta yi a ɗakin binciken da ke hawa na biyu na wani tsohon bene, tsallaken titi da asibiti. Da wankin kwalabe ta fara. Wani tsohon farfesa, wanda ya daɗe da rasuwa, ya lura cewa kwalbar da ta wanke ba ta taɓa ɓata masa gwaji, sai ya ce ta riƙa tsayawa kusa da shi in yana aiki. Daga tsayuwa ta koyi awo, ta yi karatun yamma ta samo takardar shaida, ta zama cikakkiyar ma'aikaciyar ɗakin. Ita ke karɓar jini, ta tace, ta adana, ta auna, ta rubuta abin da na'ura ta nuna a wani dogon littafi mai baƙin bango.

In ka tambaye ta me ake bincike a ɗakin, sai ta ce tsatsa. In ta ga ba ka gane ba, sai ta jawo kujera.

"Iskar nan da muke shaƙa, ita ke raya mu, ita ce kuma ke cin mu a hankali," haka take gaya wa sababbin ɗalibai. "Da ita jiki ke ƙona abinci, kamar murhu. To, wace wuta ce ba ta tartsatsi? Tartsatsin nan shi ke faɗawa kan kitse da sauran kayan jiki ya ɓata su, kamar yadda mai ke canza wari in ya daɗe a buɗe. Allah kuma ya yi wa jiki 'yan kwana-kwanansa. Wasu shi ke haɗa abinsa, wasu daga ganye da 'ya'yan itace yake samun su. In wuta ta fi ƙarfin masu kashe ta, nan ake samun matsala. Mu namu shi ne mu auna ɓarnar."

Mijinta ya yi shekara arba'in yana gyaran jikin mota kafin ya ajiye guduma, kuma Farfesa yake ce mata don tsokana.

"Ashe sana'armu ɗaya, Farfesa. Ni in kankare tsatsar mota, ke ki auna ta mutane. Sai dai ni gyara nake yi, ku kuwa 'yan kallo ne."

"To Malam, juyo bayanka in kankare maka. Da safen nan na ji yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa."

Awon kansa ba shi da wuya a baki. A saka kwalbar jini a injin da ke wulwula ta har ruwan jinin ya taso sama, ƙwayoyin su kwanta ƙasa. A ɗebi ruwan, a zuba masa magani, a dafa a tukunyar ruwan zafi har awa guda. Sai ya juye ya zama ruwan hoda. In ɓarnar kaɗan ce, launin ya fito fari-fari, in ta yi yawa ya yi duhu. Na'ura ce ke karanta zurfin launin ta ba da lamba. Wahalar tana kafin nan, domin jini bai san an fitar da shi daga jiki ba. Ko a cikin kwalba yana ci gaba da tsatsarsa. Shi ya sa Gwaggo ke da doka: daga jijiya zuwa inji kada a wuce rabin awa, cikin sanyi, kuma kada rana ta gan shi. Ɗalibin da ya bar kwalba a kan tebur ya tafi amsa waya, ya san abin da zai tarar.

"Ɗan nan, jinin mutum ne wannan, ba shayi ba ne da za ka bari ya huce."

Cikin waɗanda suka sha wannan faɗan har da Dakta. Ta zo ɗakin tana 'yar shekara ashirin, ranar farko ta fasa kwalba ta fashe da kuka, Gwaggo ta share gilas ɗin ta ce wa farfesa ita ta yar. Yanzu yarinyar ta zama Dakta, tana da ofis da bincikenta na kanta. A gaban mutane Gwaggo na ce mata Dakta, in su biyu ne kuwa sai 'yar nan.

Binciken Dakta a kan masu ciwon suga ne. Tana so ta ga ko tsatsar jininsu ta fi ta masu lafiya, kuma da nawa ta fi. Mutum ɗari da ashirin masu ciwo, ɗari da ashirin masu lafiya. Masu lafiyar ma'aikata ne da 'yan uwansu, su hau bene da ƙafarsu, a ɗebi jininsu a ɗakin da ke jikin na Gwaggo, kafin minti biyar yana cikin inji. Masu ciwon kuwa suna can asibiti, inda wata nas da kowa ke ce wa Sista take ɗiban jininsu ta jera a kula. Gwaggo ce ke tsallaka titi ta ɗauko, ta bar mata wata kular. Sau shida, wani lokaci sau bakwai, kafin azahar.

Matakalar benen arba'in da huɗu ce. Ba ta taɓa ƙirga ta ba sai da gwiwarta ta dama ta fara ciwo. Da farko ta rage zuwa sau huɗu. Damina ta shigo, gwiwar ta kumbura, ta koma sau biyu. Daga nan sai ya zama sau ɗaya, da sha biyu, ta kwaso na ranar gaba ɗaya. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta ce wa zuciyarta ai ƙanƙara na nan, kuma ta ƙara yawanta. Ritayarta ta matso, ba ta son a fara kallon ta ana cewa Gwaggo ta gaji, a kawo mai jini a jika.

Ran wata Laraba Dakta ta leƙo tana murmushi har kunne.

"Gwaggo, ajiye safar hannun nan ki zo ki ga wani abu."

A kwamfuta akwai zane, dogayen sanduna biyu. Ta masu ciwon ta ninka ta masu lafiya kusan sau uku.

"Kin gani? Ban taɓa ganin wanda ya samu bambanci irin wannan ba. Ranar Litinin zan tura wa mujalla takardar binciken. Yanzu duba nan."

Ta koma shafin farko. A ƙarƙashin kan maganar akwai sunaye huɗu, na ukun na Gwaggo ne, cikakke, har da na mahaifinta.

Takardu fiye da sittin suka fita daga ɗakin nan da lambobin hannunta. Abin da take samu shi ne layi ɗaya can ƙarshe, da ƙananan baƙaƙe: muna godiya ga ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje. Ba ta taɓa ƙorafi ba, amma ba ta taɓa mantawa ba.

"'Yar nan, wannan ai na masu digiri ne."

"Na masu aiki ne. Kwalba ɗari biyu da arba'in, wa ya taɓa su in ba ke ba?"

Gwaggo ta goge tabarau da gefen farar rigarta, ta sake dubawa, ta ce Allah ya yi albarka, ta fita da sauri don kada a ga idonta.

Da ta koma teburinta sai sandunan nan biyu suka ƙi barin ta. Ta yi shekara da shekaru tana ganin jinin marasa lafiya, ta san yana fin na masu lafiya duhu, amma ba haka ba. Kyan ya yi yawa. Ta jawo littafinta mai baƙin bango, ta bi lambobin masu ciwon da yatsa tun daga na farko. Arba'in ɗin farko sun fi na masu lafiya, amma kaɗan. Daga nan lambobin suka fara hawa. Ta duba kwanan wata. Wurin da suka fara hawa, nan ne wurin da ita ta rage hawan bene.

Washegari da sassafe Sista ta ɗaga kai ta gan ta a bakin ƙofa.

"Ikon Allah! Gwaggo, yau ke ce da ƙarfe takwas? Ko an koro ki daga gida?"

"Jini na kawo miki."

"Na wa?"

"Nawa. Kwalba uku za ki ɗiba. Kuma a hankali, ban son hannun nan naki na gaggawa."

"Shekara nawa ina wannan aikin, yau za a koya mini? Miƙo hannu. Dunƙule. Kai Gwaggo, ke har jijiyarki rowa gare ta."

Kwalba ta farko Gwaggo ta tafi da ita nan take, ta hau bene, ta saka a inji. Biyun ta ce a bar su cikin kula tare da na marasa lafiya, a yi musu yadda ake yi wa kowane. Da goma ta sake saukowa ɗaukar ta biyu, sai ta tsaya tana kallo. Teburin Sista ya cika da katuna da auduga, don haka kular tana kan dakalin taga. Da safe inuwa ce a wurin, amma yanzu rana ta zagayo ta zauna a kanta. Duk wanda aka ɗebi jininsa sai an buɗe murfi, wani lokaci a rufe da kyau, wani lokaci a bar shi a karkace saboda na gaba ya riga ya zauna. Da sha biyu, da ta zo ɗaukar ta uku, kwalaben iyo suke yi cikin ruwa, 'yar ƙanƙarar da ta rage ba ta kai cikin hannu ba. Kullum haka take tarar da kular, kullum kuma sai ta ce a ranta ai ruwan da sanyinsa.

"Wai lafiya kike ta kallon kular nan kamar ta ci miki wani abu?" in ji Sista.

"Ba laifinta. Ba kuma naki ba ne."

Da la'asar ta ciro kwalabe ukun daga tukunyar ruwan zafi, ta jera su a gaban farar takarda. Ba ta ma buƙatar na'ura. Ta farko fari-fari, ta biyu ta ɗan ɗauki launi, ta uku kuwa ta yi duhu irin na masu ciwon Dakta. Duk da haka ta auna, sau biyu, ta rubuta.

Bayan magariba suna zaune a tsakar gida, ta miƙe ƙafar a kan 'yar kujera, mijin yana shafa mata man zafi. Ya riga ya gaya wa duk abokan hirarsa cewa sunan matarsa zai shiga littafin masana. Ta kwashe labarin ta gaya masa.

"Da ƙarfe takwas lafiyata ƙalau, Malam. Da goma na fara ciwo. Da sha biyu kuwa sai a ba ni gado."

Ya ci gaba da murza gwiwar.

"Wa ya sani bayan ke?"

"Kai."

"Ni kuwa kin san ba na jin turanci." Ya ɗan yi dariya, ita ba ta yi ba. "To, masu ciwon nan ai suna da tsatsar da gaske ko? Ba ƙarya aka yi musu ba."

"Suna da ita. Amma ban san nawa ce tasu, nawa ce ta gwiwata ba. Wani zai karanta a wata ƙasa, ya ɗora nasa aikin a kai. Wani ya ce a ba su magani kaza saboda lambar nan."

"In kin faɗa fa?"

"Kwalba tamanin sun tashi a banza. Shekara guda ta yarinyar nan. Kafin a sake, na bar aiki. Suna kuma, wa zai sa sunan wadda ta ɓata masa bincike?"

Ya rufe kwalbar man, ya goge hannu da tsumma.

"Na taɓa shafa fenti a kan tsatsa, sau ɗaya, mai motar na gaggawa. Ta yi kyau ƙwarai. Wata biyar ina canza hanya in na hango shi."

"Ba wa'azi na tambaye ka ba."

"Ba wa'azi ba ne, Farfesa. Gaya miki nake yi, ni ina da ƙafar canza hanya. Ke da wannan gwiwar ina za ki?"

Nan ta yi dariya, har da ɗan hawaye.

Ranar Juma'a da safe ta ƙwanƙwasa ofishin Dakta, littafi a hammata, kwalabe uku a hannu. Ta jera su a kan tebur.

"Na wane ne, Gwaggo?"

"Na mutum ɗaya ne, rana ɗaya, allura ɗaya. Nawa."

Ta yi bayani tun daga matakala har zuwa dakalin taga, ba ta rage komai ba. Ta buɗe littafin ta nuna inda lambobi suka fara hawa. Dakta ta ɗauki kwalba ta uku ta ɗaga ta wajen haske, ta ajiye. Ta juya ta kalli kwamfuta. Fanka na juyawa a sama, wani na jan kujera a ɗakin da ke kusa.

"Tun yaushe?"

"Tun farkon damina."

"Wata takwas, Gwaggo. Kullum muna gaisawa. Kullum ina tambayar ki ya jiki, ki ce alhamdu lillahi."

"Haka ne."

"Me ya hana ki faɗa mini? Da na sa wani ya riƙa ɗaukowa. Da ni da kaina na riƙa sauka!"

"Kunya, 'yar nan. Ni na koya miki rabin awa. Da wane baki zan ce miki na kasa?"

Dakta ta dafe goshi. Muryarta ta yi ƙasa.

"Na riga na gaya wa shugaban sashe. Na gaya wa mahaifiyata."

"Ni ma Malam ya gaya wa rabin unguwa. Ki cire sunana, wannan ba sai an yi shawara ba. Amma kada ki tura."

"Ki bar ni tukuna, Gwaggo. Don Allah ki bar ni."

Ba a tura takardar ranar Litinin ba. Mako biyu Dakta na wucewa ta ƙofar ɗakin da gaisuwar da ba ta wuce kalma biyu ba. Gwaggo ta ci gaba da aikinta, ta koma sauka sau shida, tana hutawa a kowane hawa, hannu a kan ƙarfen matakala. Ba wanda ya sa ta, ba kuma wanda ya hana ta.

A mako na uku ta iso da safe ta tarar ƙaramin injin wulwula jini ba ya wurinsa, sai shatar ƙafafunsa a kan tebur. Tana tsaye tana salati Dakta ta shigo, farar rigarta duk ƙura.

"Yana asibiti. Sista ta ba mu ɗan ɗakin ajiyar da ke bayan nata, mun kwashe kwalaye. Akwai soket, akwai ƙaramin firji, babu taga. Daga kujerar ɗiban jini zuwa inji taku tara ne, na ƙirga. Can za ki zauna. Masu lafiyar ma can za su riƙa zuwa, kujera ɗaya, hannu ɗaya, lokaci ɗaya."

"Sai ki ce an mayar da ni sito."

"An mayar da ke ƙasa, inda babu bene. Kuma gwajin nan naki na kwalba uku, mutum ɗaya ba hujja ba ne. Goma nake so."

"Ina zan samo mutum goma masu ba da jini a banza?"

"Ga ni, ga Sista. Ki kawo Baba ma."

An kawo shi kuwa. Mutumin da ya shekara arba'in yana dukan ƙarfe ya rufe ido ya kau da kai tun Sista ba ta ɓare allura ba, yana cewa a yi masa a hankali shi maraya ne.

Wata bakwai ɗin da suka rage mata kafin ritaya a ɗan ɗakin nan ta yi su. Ta tace jinin mutum hamsin da biyu kafin ranarta ta cika, kowanne ta rubuta minti nawa ya yi daga jijiya zuwa inji, ba wanda ya kai ashirin. Sauran wata ma'aikaciya ta ƙarasa, a kan tsarin da ta bari manne a bango. Da aka haɗa lissafi, bambancin yana nan, amma sandar masu ciwon ba ta ko ninka ta masu lafiya ba. Babbar mujallar da Dakta ta so ba ta karɓa ba. Wata ƙarama ce ta karɓa, bayan gyara sau biyu.

Shekara ɗaya da rabi bayan ranar kwalabe ukun, wata Asabar da hantsi, Dakta ta yi sallama a gidan. Gwaggo na zaune tana tsince wake, jika na barci a kan tabarma. Bayan gaisuwa Dakta ta ciro shafi takwas daga jaka ta ɗora mata a cinya.

Gwaggo ta goge hannu da zani, ta sa tabarau. Sunaye huɗu ne har yanzu. Nata ya tashi daga na uku ya koma na biyu.

"'Yar nan, ba mu yi haka da ke ba."

"Ba mu yi komai da ke ba, ke kaɗai kika yi maganarki. Buɗe shafi na biyar. Masu duba takardar sun ce wannan sashen ya fi sauran amfani. Har wani ya rubuto yana tambaya ko zai iya bin tsarinmu."

A shafi na biyar akwai ɗan jadawali: mutum goma, kowanne da jininsa na nan take, na awa biyu, na awa huɗu. Mijin ya matso da kujerarsa yana leƙe ta kafaɗarta.

"Ina nawa?"

"Ga ka nan, Baba, na bakwai."

"Wannan na farkon fa?"

"Gwaggo ce. Mace, shekara hamsin da tara."

Ya ja da baya, ya riƙe haɓa.

"Hamsin da tara? Farfesa, shekara nawa kina ce mini hamsin da biyar? Yanzu ga shi an buga, duniya duk ta gani, ba kuma a gogewa."

"Malam, tashi ka kawo wa baƙuwa ruwa."

Ya tashi yana dariya. Gwaggo ta juya takardar ta koma shafin farko, ta ɗora yatsa a ƙarƙashin layin sunayen, ta daɗe ba ta ɗaga ba.